Wa Ke Ƙidaya Maganin Garinmu?

 

Kowane manomi ya san watan Agusta. Ruwa ya zauna, hatsi ya fara fid da kai, rumbu kuwa ya yi ƙasa. A cikin wannan wata ne sauro yake yawa, masassara ta bi gida-gida tana kayar da yara. Uwa ta goya ɗanta, ta yi tafiyar kilomita shida ko bakwai cikin rairayi, ta iso gidan likita. Malamin lafiya ya ɗebi ɗigon jini a yatsan yaron, ya ce masassarar cizon sauro ce. Sa'an nan ya duba wurin ajiyar magani, ya ce mata: "Ya ƙare."

Darasinmu na yau a kan wannan magana yake. Me ya sa magani yake ƙarewa a lokacin da aka fi bukatarsa? Wa ya kamata ya san haka tun watan Yuni? Za mu duba abin da aka yi a ƙasar Tasawa da ta Mayahi, da abin da ya rage a wuyan mutanen gari, musamman ku da kuka koyi karatu da lissafi.

Akwatin sekuris

Tsofaffinmu sun san sekuris. Tun cikin shekarun 1960 aka fara wannan tsari a ƙasar Maraɗi, wadda Tasawa da Mayahi suke ciki. Mutanen gari su taru su zaɓi mutum ɗaya ko biyu, manoma kamar kowa. A kai su gidan likita su yi horo na ƴan kwanaki. Su dawo da akwati mai nibakin, da asfirin, da maganin ciwon ido, da na wanke miki, da bandeji. Ba a biyan su albashi. Haka kuma aka horar da ungozomomi, aka koya musu wanke hannu da sabulu da yanke cibi da sabuwar reza.

Wannan aiki ya yi suna ƙwarai. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani littafi a kan ƙasashen da talakawa suka tashi tsaye don lafiyarsu, ta ware babi guda a kan ƙauyukan Maraɗi. Shekara uku bayan haka, a 1978, ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya daga ƙauye yake farawa. Abin da suka rubuta a can, iyayenmu sun riga sun fara shi a nan.

To, ina akwatunan suka tafi? A garuruwa da yawa sun zama wofi. Sekuris ya ba ɗan uwansa magani bashi, ya ba surukinsa, ya ba liman. Wa zai iya cewa surukinsa ya biya dala biyu? Kuɗin da ya shigo ba a rubuta shi ba, ya gauraya da kuɗin aljihu. Malamin lafiya da ya kamata ya zo duba aiki, shi ma wani lokaci ba shi da abin hawa. Ranar da aka tashi sayen sabon magani, babu kuɗi, babu kuma wanda ya san inda suka shiga. Mafi yawan sekuris mutanen kirki ne. Takarda da alƙalami ne suka rasa.

Kuɗin magani ya koma magani

A watan Satumba na 1987 ministocin lafiya na Afirka suka yi taro a Bamako, babban birnin Mali. Shawarar da suka yanke mai sauƙin fahimta ce. Majinyaci ya biya ɗan abu kaɗan. Kuɗin ya zauna a hannun jama'ar wurin. Da shi za a sake sayen magani, don kada ya yanke.

Nijar ba ta yi gaggawa ba, sai da ta gwada. A 1993 aka yi gwaji a yammacin ƙasa, a Boboye da Sayi. A Sayi babba yana biyan dala 40, yaro ƙarami dala 20, duk lokacin da ciwo ya kai su likita. A Boboye kuwa, kowane mai biyan haraji ya ƙara dala 40 a shekara, sa'an nan ranar ciwo babba ya ba da dala 10 kawai, yaro dala 5. Da aka duba, sai aka ga a Boboye masu zuwa likita sun ƙaru sosai, har da matalauta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: abin da aka tara tun ana da lafiya ya fi sauƙi a kan abin da ake nema ranar ciwo.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. A 1995 aka kafa doka ta biyan kuɗin magani a ƙananan gidajen likita na ƙasa baki ɗaya. Tare da wannan tsari ne aka kafa kwamitocin lafiya.

Ga yadda abin yake. Kowane gidan likita na CSI yana da garuruwan da yake kula da su. Garuruwan su tura wakilansu, su zama kwamitin lafiya. Daga cikinsu a zaɓi ƴan mutane kaɗan masu kula da kuɗi da magani. Su ne ake kira COGES. Akwai shugaba, akwai ma'aji. Akwai kuma mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, wanda yake yanka tike. Majo, wato shugaban ma'aikatan gidan likitan, yana aiki tare da su. Sama da CSI akwai asibitin gunduma, ɗaya a Tasawa, ɗaya a Mayahi. Abin da ya gagara nan sai a wuce Maraɗi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kowace daga gundumomin nan biyu tana da mutum fiye da rabin miliyan. Babban likitan gunduma da ke zaune a Mayahi ba zai iya sanin ƙwayar magani nawa ta rage a kowane gari daga Kanambakashe zuwa Gidan Amumun ba. Na Tasawa ma ba zai iya ƙidaya abin da ke Korgom da Urafan da Hawan Dawaki kullum ba. Idon da ke kusa shi ne na mutanen gari.

Kyauta da bashinta

Daga 2001, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, waɗanda muke kira kaz. An gina wajen dubu biyu a faɗin ƙasa. A 2005 aka ce aikin fid da jariri ta ciki kyauta ne. A 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Mata suka yi ta kawo yara. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa a 1998, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 226 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Kaz da maganin kyauta da gidan sauro suna cikin manyan dalilan wannan sauƙi.

Amma kyauta tana da wanda yake biyanta. Gidan likita ya ba yaro magani, ya rubuta takarda ya aika, gwamnati ta mayar masa da kuɗin. Shekaru da yawa kuɗin nan ya riƙa makara, wata da watanni. Asusun kwamiti ya rame, maganin da za a saya ya ragu. Daga nan "ya ƙare" ya yawaita. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta yanke shawarar rage rabin kuɗin jinya a gidajen likita nata, ta kuma ce haihuwa kyauta ce. Wannan sauƙi ne ga talaka. Ga kwamiti kuwa, kuɗin da ke shiga akwati daga hannun majinyata ya ragu, don haka kowace dala tana bukatar ido fiye da da.

Makarar kuɗin gwamnati ba a hannun mutanen gari take ba. Abin da ke hannunsu shi ne takardun neman biya su cika daidai, su tafi a kan lokaci, a ajiye kwafinsu. Kwamitin da ya san an aika takardar jika nawa, an kuma biya nawa, yana da bakin magana a gaban babban likita da magajin gari.

Lissafin da ke ceton rai

Manomi ba ya jiran ruwan shuka ya sauka kafin ya nemi iri. Tun kaka yake ware shi. Magani ma yana da lokacinsa. Masassara tana tashi da damina, ta yi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba. Tari da ciwon haƙarƙari sun fi yawa da hunturu. Sanƙarau da zafin bazara yake zuwa.

A kowane gidan likita akwai babban littafi inda ake rubuta duk wanda aka duba da ciwon da ya kawo shi. Mu ɗauki misali. A ce littafin bara ya nuna yara 40 masu masassara a watan Afrilu, amma 300 a watan Satumba. In an yi odar maganin damina bisa lissafin Afrilu, kwana huɗu kacal zai kai. Yara 260 za su koma gida hannu wofi, ko iyayensu su faɗa hannun masu tallar magani a kasuwa, inda ƙwaya take kwana cikin rana, ba a kuma san asalinta ba. Saboda haka taron kwamiti mafi muhimmanci a shekara shi ne na watan Mayu ko Yuni. A buɗe littafin bara, a ga yawan majinyatan damina, a ƙidaya abin da ke ajiye, a nemi cikon tun hanya ba ta lalace ba.

Kowane irin magani kuma yana da katinsa na ajiya. A jikin katin akwai gurbi huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Wanda ya iya tarawa da ɗebewa ya iya karanta shi. In kati ya ce saura kwali 25, a je a ƙidaya da hannu. In an sami 25, madalla. In an sami 19, sai a tambayi inda 6 suka tafi. Tambayar nan ba zargi ba ce. Sau da yawa mantuwa ce ranar da mutane suka yi yawa. Amma in ba a tambaya ba, mantuwa takan zama al'ada.

Ku duba kwanan watan da ke jikin kwali. In kun ga 08/2027, ma'anarsa maganin yana da kyau har ƙarshen wata na takwas na shekarar 2027. Wanda ya fi kusa da lalacewa shi ake sawa gaba a fara da shi, kamar yadda uwargida take fara cin tsohon hatsi kafin sabo.

Kuɗi ma haka. A ce an yanka tike 150 a wata, kowane a kan dala 100. Wannan misali ne kawai, farashin gaskiya yana wurin majo, kuma ya kamata a manna shi a bakin ƙofa kowa ya gani. Tike biyu jika ɗaya ke nan. Tike 150 sun zama jika 75. Jika 75 ɗin nan ake so a gani a hannun ma'aji, ko a takardar ajiya. Don haka, ɗan uwa, in ka biya kuɗi a gidan likita, ka karɓi tikenka. Wanda ya ce "bar shi, ba komai", ya yi wa asusun garinsu ɓarna ba tare da ya sani ba.

Na taɓa zama a taron kwamiti a wani gari, inda ma'aji ya miƙe ya ce: "Kuɗi suna nan lafiya." Kowa ya ce madalla, aka yi fatiha, aka tashi. Ba a faɗi ko nawa ne ba. Dattijon nan mai amana ne, ban yi shakka ba. Sai dai an zaɓe shi ne don girmansa, bai iya karatu ba, waɗanda suka iya kuwa kunya ta hana su tambaya. A ganina, girmama dattijo shi ne a haɗa shi da wanda zai riƙe masa alƙalami. Kuma kwamitin da babu mata a cikinsa gurgu ne. Su ne suke zuwa awo, su ne suke kwana da yaro mai ciwo. Su suka san ƙarfe nawa ake buɗe ƙofa, da irin maganar da ake yi wa mai jira.

Kada wani ya raina littafin ƙauye. A 1991 aka ƙidaya masu kurkunu a Nijar, aka sami fiye da mutum 30,000. A kowane gari mai cutar aka sa mutum ɗaya yana rubuta wanda ya kamu, yana raba ƙyallen tace ruwa, yana hana mai kurkunu shiga tafki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu. Cutar nan ba ta da allura, ba ta da ƙwaya.

Amalanke da asusun kaka

Akwai abin da magani kaɗai ba ya yi. Mace tana naƙuda tun dare, gari ya waye, rana ta faɗi, ba ta haihu ba. Ko ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. A nan jinkiri iri uku ne yake kisa. Na farko a cikin gida, ana jiran mai gida ya dawo ya ba da izini. Na biyu a hanya, ana neman amalanke, ana neman rancen kuɗin man mota. Na uku a gidan likita, in ba a sami ma'aikaci ko kayan aiki ba. Mai zubar da jini bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. A rairayin Gulbin Kaba, awa biyu ba ta kai amalanke nesa.

Jinkiri na farko da na biyu mutanen gari ne suke da maganinsu. Mai gida ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa da ungozoma: in naƙuda ta zo, ko ba na nan, a tafi. Gari ya san amalanken wa za a ɗauka, da shanun wa, da dare ko da rana. A rubuta lambar wayar majo a bangon kaz.

Saura kuɗi. Ku tuna darasin Boboye. A ce garinku gida 120 ne. Da kaka kowane gida ya kawo tiya 2 ta hatsi. An sami tiya 240, wato buhu 6 in an lissafa tiya 40 a buhu. Da kaka ba wanda zai ji zafin tiya biyu. A ajiye har bazara, lokacin da hatsi ya yi daraja, a sayar. Kuɗin ya zama na ɗaukar majinyaci kawai. Wanda aka ɗauka wa, ya mayar da kaka mai zuwa. A rubuta sunan duk wanda ya kawo, da duk wanda aka ba, a karanta a bainar jama'a.

Mata sun riga maza sanin wannan. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yarda, a ƙidaya kuɗin a gaban kowa, a kulle akwati, mabuɗan kuma suna hannun mata dabam-dabam. Ƙungiyoyi da yawa suna ware ɗan asusu na taimako don ciwo da haihuwa. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa na duniya. Duk kwamitin da yake son koyon riƙon kuɗi, ya je ya zauna a taron matan garinsu.

Hakkin malami, hakkin jama'a

Jama'a suna kuka da malaman lafiya: wani ba ya zama, wani yana da zafin baki. Kwamiti ne ya kamata ya kai wannan kuka, cikin ladabi, a zauna a warware. Amma mu ma mu duba namu. Malamin da aka turo daga nesa, yana da ɗakin kwana? Akwai ruwa a gidan likitan? Akwai rumfar da mata za su jira a inuwa? Tubali da kara da aikin gayya na yini biyu sun isa. Wanda ya sami wurin zama mai kyau ya fi daɗewa a gari.

Akwai kuma aikin cikin gida. Tun 2013 aka fara raba maganin rigakafin masassara na damina a Nijar, ga yara daga wata 3 har zuwa ƙasa da shekara 5. Sau ɗaya ake zagayowa a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Na kwana uku ne. Masu rabo su ba da na ranar farko, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. In an tsaya a na farko, kariyar ba ta cika ba. In aka ɓoye sauran don wata rana, an cuci yaron.

Haka igiyar awon dantse mai launi uku, wadda ake gane tamowa da ita. An gwada a ƙasar Mirya ta jihar Damagaram, an ga uwaye suna iya awon da kansu. Kore, lafiya. Rawaya, a je a nuna shi. Ja, wato ƙasa da milimita 115, a tafi yau. Yaron da aka kawo da wuri a gida zai yi jinya, uwarsa tana zuwa karɓar abincinsa mako-mako. Wanda aka makara da shi sai an kwantar da shi a Tasawa ko Mayahi, uwa ta bar gona da sauran yara ana tsakiyar aiki.

Aikin wannan mako

Malamin aji ya raba ɗalibai gida uku. Na farko su je kaz ko CSI mafi kusa, su gai da malamin lafiya, su nemi sunayen ƴan kwamiti da ranar taronsu na gaba. Na biyu su roƙi a nuna musu katin ajiya na maganin masassarar yara, su kwafo layi uku na ƙarshe a littafinsu. Na uku su ƙidaya gidajen garinsu, su lissafa buhu nawa za a samu in kowane gida ya ba da tiya 2. Ranar karatu ta gaba kowane rukuni ya karanta wa aji abin da ya rubuto.